Kwanukan Dubiya da Ƙafar Mma

Uwata ta shekara fiye da talatin tana sayar da koko da ƙosai a bakin masallacin unguwarmu a Sabonjida, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa kwanciya ciwo a wani gida ba a ga kwanonta ba. Ba ta tambaya ko Bahaushe ne ko Badagombe. Da ta ji an ce wane na kwance, sai ta ɗebi koko mai zafi, ta zuba sukari da sakakken hannu, ta jera ƙosai a kan murfi, ta ce da ni, "Ɗauki ki kai, kuma kar ki tsaya kallon hanya." Ni ce babbar 'yarta, don haka ni ce ƙafarta. Aike da taya sana'a suka cinye min ƙuruciya. Ban shiga boko ba sai da na aurar da 'yata ta fari, na je na zauna a benci tare da wasu mata masu furfura muka koyi haɗa baƙi. Ba don a tausaya min na faɗi haka ba. Na faɗa ne don a san cewa lokacin da ciwon uwata ya tsananta, da idona nake karanta abin da ke jikin kwalin magani.

Mma muke kiranta, yadda kowa a Tamale yake kiran uwa.

Ciwon sukari ya daɗe a jikinta, tana shan ƙwaya tana harkarta. Wata rana ta taka garwashi a madafa ba ta ji ba, don ciwon ya riga ya kashe mata jin tafin ƙafa. Wurin ya yi ƙuna, ƙuna ta zama miki, ita kuma ta ɗaure da tsumma ta yi shiru. Hancina ne ya tona ta. Na shiga ɗakinta zan ɗauki tsintsiya na ji wani wari, na yaye zane ba tare da neman izini ba. Abin da na gani a ƙarƙashin babban yatsanta na hagu ya sa ban ko nemi mayafi mai kyau ba. Na fita titi na tsayar da yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, muka cicciɓe ta sai asibiti.

An kwantar da ita, an wanke, an yanke ruɓaɓɓen nama, aka sallame mu da sharaɗin mu riƙa komawa. Likitan wani dogon mutum ne mai sanƙo, ba ya jin Hausa, sai an fassara. Amma ranar da ya ɗora gefen hannunsa a ƙasan gwiwar Mma ya ja layi, ban buƙaci tafinta ba. Nas ɗin da ke wankin mikin, wata 'yar unguwar Sakasaka gajeriya mai kaifin baki, ta maimaita mana da Hausa: in sukari bai sauka ba miki ba zai haɗe ba, in bai haɗe ba ruɓa za ta kai ga ƙashi, in ta kai ga ƙashi daga nan za a yanke.

Mma ta dubi likita ta ce, "Gaya masa da ƙafa biyu na zo duniya, da ƙafa biyu zan koma wa Mai ita."

Likita ya ce shi ma haka yake so.

Aka tura mu ɗakin wani saurayi mai kula da abincin marasa lafiya. Siriri ne, gemunsa ma bai gama fitowa ba. Ya zaunar da mu ya yi bayani dalla-dalla: ban da sukari, ban da lemon kwalba, tuwo kada ya wuce dunƙulen hannunta, miyar ganye kuwa ta sha iya shanta. Mma ta ƙare masa kallo, sa'an jikanta ne, sai ta ja shi da wasan kaka da jika.

"Wannan miji nawa marowaci ne. Tun ba a ɗaura ba ka fara auna min tuwo?"

Ya ce, "Amarya, so nake ki daɗe, kar a bar ni gwauro."

Daga ranar ba ta sake kiransa da wani suna ba sai mijina marowaci.

Na koma gida na bi umarninsa kamar mai bin limami. Kafin in tafi rumfata ta atamfa a kasuwa na dafa mata, in na dawo da yamma na dafa mata. Tuwo ɗan dunƙule, miyar ayoyo, wato lalo, wake, kifi. Na kwashe sukarin ɗakinta na kulle a nawa. Ƙwaya kuwa a tafin hannunta nake sa mata, in tsaya har ta haɗiye.

Amma duk ranar da muka koma aka huda yatsa aka gwada jini, sukari yana can sama. Miki yana nan buɗe, gefensa fari kamar bakin kifi.

Sai tambayoyi suka fara. A ɗakin likita: tana shan magani kuwa? A ɗakin saurayin abinci: me kike dafa mata, nuna min da hannunki yawan tuwon. A ɗakin wanki: tana taka ƙafar ne, wa ke kai ta bayi? Kowace ƙofa na shiga sai in fito da nawa kason zargi. Ni kuma Allah bai yi ni da haɗiye magana ba. Ranar da tura ta kai bango, nas tana naɗe bandeji na ce mata:

"Sista, ƙafa ɗaya ce fa. Kun raba ta kamar naman Layya, kowa ya riƙe nasa yana tuhumata. Ku ba kwa magana da junanku ne? Ko gaba kuke yi?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Yaya, riƙe min nan." Na riƙe. Ta liƙa filasta, sannan ta ce, "Muna magana mana. Duk mako muna zama, mu baje masu ciwon da suka gagare mu a kan tebur. Wannan makon ma Mmarki muka yi ta juyawa. Tambayoyin da kike ji, raba su muka yi, kowa ya tambayi ɓangarensa, mu haɗa amsa."

"To me kuka samu?"

"Mun samu cewa ba ƙarya kike yi ba. Shi ne abin da ya ɗaure mana kai. Magani na shiga, girki daidai, sukari ya ƙi. Akwai abin da ba ma gani daga nan. Shi ya sa za mu turo matar welfiya gidanku."

Nan na tashi tsaye. A wurinmu, matar welfiya gidan da aka yar da tsoho take zuwa, ko gidan da uba ya gudu ya bar yara. A ga babur ɗinta a ƙofar gidanmu? Na ce, "Mu ba mu yar da uwarmu ba. Ku je ku tambayi Sabonjida kaf."

Ta ce, "Ai Sabonjidan za ta je gani. Zauna, kina tare min haske."

Ranar da za ta zo ban buɗe rumfa ba. Na zauna gida na ɗaura ɗamara, ina jiran ta buɗe tukunyata in nuna mata hanyar da ta shigo. Sai ga wata mata mai jiki, ta jingine ɗan babur ɗinta, ta yi sallama, ta tuɓe takalmi ta zauna a tabarmar Mma. Ba ta leƙa tukunya ba, ba ta leƙa ɗaki ba. Ta ga ina tsinkar ayoyo ta jawo tiren gabanta ta kama taya ni, tana tambayar Mma yadda ake jiƙa gero koko ya yi tsami daidai. Mma an taɓo inda take so, sai zuba.

Aka yi azahar. Sai sallama ta fara.

Maƙwabciyarmu ta katanga ce ta fara shigowa da fura, an dama da nono an zuba sukari. Ta durƙusa ta gaida Mma da jiki, ta buɗe kwano ta tura gabanta, ta zauna. Haka ake yi. Mai dubiya ba ta tashi sai ta ga mara lafiya ya kai baki, don in ba a taɓa abin da ta kawo ba, ko an raina shi, ko kuma, wanda ya fi muni, ana zargin hannunta. Mma ta yi bisimilla ta kurɓi ludayi biyu, ta sa albarka. Ba ta kai zaure ba wata ta shigo da masa an barbaɗe ta da sukari. Bayanta matar mai walda da zomkom, ruwan geron nan mai zaƙi da yaji, da sanyinsa. Sai wata tsohuwa da Mma ta yi wa hidima lokacin da mijinta ya kwanta, ta kawo wake da shinkafa da taliya a kai. Wata ta zo da lemon kwalba ta buɗe da haƙorinta. Kowacce ta zauna ta zuba ido, kowacce ta ce, "Ko loma ɗaya, Mma, don albarka." Mma kuwa ba ta tsallake ko ɗaya ba.

Ni na san kwanukan nan. Tun ranar da aka sallamo mu suke zuwa, ni nake wanke su da yamma in mayar. Amma da saurayin abinci ya tambaye ni abin da take ci, ko kusa ba su faɗo min a rai ba. Dubiya ai ba cin abinci ba ne a wurinmu, gaisuwa ce. Wa yake lissafa gaisuwa? Sai ranar nan, ina zaune kusa da baƙuwa, na ga abin da idonta: kafin la'asar uwata ta ci abin da ya fi tuwona na yini guda, loma-loma, duk don kada ta ɓata wa kowa.

Bayan la'asar matar welfiya ta tashi tafiya. Na raka ta zaure. Tana ɗaura hular babur ta ce, "Na shiga gidaje da yawa a garin nan inda ciwon tsoho shi ne ba shi da kowa. Ita Mmarki kowa gare ta. Duk abin da ta aika shi ne yake dawowa." Sannan ta kama hannuna ta ce, "Kada ki yi komai tukuna. Bari in kai wa sauran, mu yi shawara."

Na ce to. Amma ni da na ga maciji a ɗaki, shawarar wa zan jira?

Washegari na ajiye kujera a zaure na zauna. Duk wadda ta zo da kwano na ce, ke shiga, kwanonki ya tsaya nan. Wata ta yi dariya ta zaci wasa nake. Wata ta juya da kwanonta ba ta ko shiga ba. Tsohuwar nan mai wake da shinkafa ta tsaya ta dube ni ta ce, "Ni zan kashe ta? Ni?" Na ce ban ce ke ba, taliyarki na ce. Kafin magariba magana ta zaga unguwa cewa 'yar boko ta ce abincin mutane guba ne. Ni da na yi boko da furfura, yau na zama 'yar boko.

Sallama ta ɗauke daga gidanmu. Mma ta ji shirun, ta tambaya, na gaya mata gaskiya. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta juya fuska ga bango. Na kawo tuwo ta ce ta ƙoshi. Na kawo kunu ta ce in kai wa waɗanda na kora. Ƙwaya kawai take karɓa, don ba ta son a ce ta ƙi magani. Ni kuma ban san cewa ƙwayar sukari a cikin wofi wuƙa ce ba. Da hantsi na shiga na same ta gumi sharkaf, hannu na rawa, tana kirana da sunan ƙanwarta da ta rasu. Na kira nas a waya ina ihu. Ta ce, "Sukarinta ne ya faɗi. Dama sukari a ruwa ki ba ta yanzu, sannan ku taho." Na buɗe ɗakina na ɗauko sukarin da na ƙwace, na dama da hannuna na ɗura mata. Har yau ban ce na yi laifi da na tsare zaure ba, ƙafa nake karewa. Amma na yarda tare ƙofa ba ya warkar da miki.

A zamansu na makon suka ce in zo, kuma matar welfiya ta ce in taho da Magajiya, shugabar matan unguwarmu, wadda ita ma tana cikin masu fushi da ni. A yalo-yalo ɗaya muka tafi, ta juya min ƙeya.

Ɗaki ne ƙarami, fanka na juyawa tana ƙara. Ga likita mai sanƙo, ga nas, ga saurayin abinci, ga matar welfiya. Na zaci likita zai yi magana kowa ya ce to. Ashe ba haka suke yi ba. Ya ce a kwantar da Mma a asibiti inda babu kwanon da zai iske ta, don lokaci na ƙurewa. Nas ta ce masa a'a, a gabanmu. Ta ce in an kwantar da ita za a sallame ta wata rana, ta koma ta tarar da kwanukan suna jiranta, kuma tsohuwar da ta daina ci don an hana mutane zuwa, a gadon asibiti ma bango za ta juya wa. Likita ya ce shi ƙashi yake ji wa tsoro, ba bango ba. Saurayin abinci ya ce shi bai ga laifin kwano ba, abin da ke ciki ne da yawansu a yini ɗaya. Suka yi ta ja, da Turanci, nas na juyo mana da Hausa, wani lokacin ta manta ta juya wa likita Hausa mu kuma ta yi mana Turanci.

Magajiya ta gyara mayafi ta ce, "Ku gaya wa dokta, matan nan ba tuwo suke kawowa ba. Mma ce ta tsaya musu ranar da suke kuka. In kun ce kada su kawo, kun hana su lada, kun kuma ce musu butulu." Ta harare ni. "Kuma ba a zaure ake faɗin irin wannan magana ba."

Na ce, "Magajiya, in an yanke ƙafar, wace ce a cikinku za ta ara mata tata?"

Matar welfiya ce ta raba mu. Ta ce duka biyun gaskiya ne, shi ya sa aka tara mu. Sai ta yi ajiyar zuciya ta ce abin da ke ba ta haushi shi ne, a ɗakin mata na asibitin nan tana da marasa lafiya da aka kawo daga ƙauyuka masu nisa, ba su san kowa a Tamale ba, lokacin dubiya sai su ja zane su rufe fuska. Ba shawara ta kawo ba, ƙorafi ne kawai ya fito mata. Aka wuce.

Abin da aka tsayar shi ne: likita zai sauya ƙwaya da allura, ya kuma ɗaga maganar yanka zuwa wani lokaci, amma in ya ga ruɓa ta matsa ba zai sake jiran kowa ba. Nas za ta koya min yin allurar, za ta kuma riƙa biyowa gida wankin miki don kada Mma ta yi ta taka ƙafar. Magajiya za ta raba wa mata kwana, gida ɗaya ne zai riƙa kawo abinci a yini. Shi kuma saurayin abinci zai je ya tsaya gaban matan Sabonjida ya gaya musu abin da za su dafa. Da aka faɗi wannan, nas ta dube shi ta ce, "Allah ya jiƙanka."

A Islamiyyar mata aka yi, bayan an tashi karatu. Ya zo da farar rigarsa da ludayi a hannu. Bai gama sallama ba wata ta ce, "Kai yaro, ka taɓa tuƙa tuwo?" Ya ce bai taɓa ba. "To ka taɓa kaɗa miya?" Ya ce ya taɓa, ba ta ciyu ba. Aka kwashe da dariya. Ya ce shi ya sa ya zo wurin masu hannu. Shi ya san abin da jinin Mma yake so, su suka san yadda za a yi ya yi daɗi, in an haɗa biyun amaryarsa za ta tashi. Ya dunƙule hannu ya ɗaga: tuwo iya nan. Ya buɗe hannuwa biyu: miya iya nan. Aka tambaye shi tubani, ya ce a kawo, a rage mai. Aka tambaye shi fura, ya ce ɗan kaɗan ba sukari. Wata ta ce fura ba sukari ai horo ne. Tsohuwar wake da shinkafa ta ce ita fa taliyarta aka zaga. Ya ce, "Mma, waken ki ninka, shinkafar ki rage, taliyar ki ajiye min, ni zan zo in ci." Ta ce zai ga tsiya in bai zo ba. Ya je kuwa.

Saura Mma. Muka taru a ɗakinta, ni da Magajiya da matar welfiya, muka gaya mata tsarin. Ta saurara fuskarta a bango. Ta ce, "Gida ɗaya a yini. Sauran fa? Wadda ta ga dama ta dafa ta kawo ba ranarta ba, ku ce ta koma da shi? Ni ba a mayar da kwano daga ɗakina."

Don in lallashe ta, sai na ba ta labarin zaman asibiti, har da ƙorafin matar welfiya na masu rufe fuska lokacin dubiya. Sai Mma ta juyo. Karon farko ke nan da na ga idonta sosai tun ranar zaure.

Ta ce da matar welfiya, "Ba mai kai musu ko koko?"

"Babu, Mma."

"A garin nan? Ina raye?" Ta yunƙura ta zauna. "To ku ji. Duk kwanon da ya shigo, a kawo gabana. Ni zan buɗe, ni zan sa albarka, ni zan ce inda za shi. Na karɓa ke nan, ya zama nawa, wanda na ga dama na ba."

Haka aka yi. Mace ta kawo masa, Mma ta ɗora hannu a kan murfi ta yi mata addu'a har ta jikoki, sannan ta ce, "Wannan ta mai jegon nan ce da aka kawo daga ƙauye." Matar welfiya ta riƙa gaya mana wa ke kwance ba kowa, saurayin abinci ya riƙa cewa wannan kada a kai wa wance, ita ma sukari gare ta, a kai mata waken. Ni kuma na koma aikina na ƙuruciya, sai dai yanzu a bayan babur nake rungume da kwanuka. Matan da kansu suka fara cewa za su bi ni su ga wadda ta ci abincinsu. Wadda ranar girkin Mma ta faɗo kanta kuwa, gasa ce. Mma ta ɗanɗana miya ta ce, "Kukar nan ta kwana biyu," mai ita ta tafi tana ƙunƙuni, ta dawo wani makon da wadda ta fi.

Sukari ya fara sauka. Ba rana ɗaya ba, kuma ba kullum ba. Nas tana zuwa da jakarta ta durƙusa a tabarma, ta wanke, ta ɗauki hoton mikin a waya ta tura wa likita, shi kuma ya aiko da abin da za a ƙara ko a rage. In ta ga ina ɗari-ɗari wajen allura sai ta ce, "Ke da kike tare zaure, allura ce za ta ba ki tsoro?" Wata rana ta kira ni ta nuna min gefen mikin ya yi ja, ta ce wannan sabon nama ne. Na fita tsakar gida na tsaya kusa da randa na ɗan jima.

Amma babban yatsan bai tsira ba. Ya yi baƙi, likita ya ce wannan kam ba zai jira ba, kuma ba wanda ya ja da shi, har nas. Aka cire. Da Mma ta farfaɗo ta dubi ƙafar a naɗe, ta motsa ta, ta ga tana nan har diddige. Ta ce da nas, "Gaya wa mai sanƙo na yafe masa. Wannan zakka ce ya fitar." Da aka fassara masa ya yi dariya har ya cire tabarau.

Miki ya haɗe bayan damina. Suka haɗa mu da mai yin takalman marasa lafiya, ya yi mata wani mai laushin ciki, mummuna kamar kwalekwale. Ta ce ba za ta sa ba, mijinta marowaci ya ce shi ya zaɓo, ta sa.

Ba a daɗe ba Magajiya ta kwanta, hawan jini ya buge ta. Da safe na ji motsi a madafa, na tarar da Mma a kan kujera 'yar tsugune tana kaɗa miyar kuɓewa. Ta zuba a kwano ta rufe ta ɗaure da ɗankwali. Na miƙa hannu zan ɗauka, yadda na saba tun ina yarinya.

Ta ce, "Ina za ki?"

"Kai wa Magajiya mana. Ba ni ce ƙafarki ba?"

"Na sallame ki. Ina da tawa."

Ta zura mummunan takalminta, ta ɗauki sanda a dama, kwano a hagu. Na bi ta a baya ba ta ce in koma ba. Muka bi lungu a hankali, tana ɗan ɗingishi, masu babur suna kauce mata, mata suna leƙowa ta zaure suna cewa, "Mma, ke ce a ƙasa?" tana cewa, "Da wa kuke tsammani?" Muka wuce bakin masallaci inda ta yi shekaru tana suya. Ta tsaya ta huta, ta dubi wurin murhunta, ta ci gaba.

A ƙofar ɗakin Magajiya 'yarta ta taso za ta karɓi kwanon. Mma ta riƙe shi gam, ta ce, "Tsaya tukuna. Me likita ya hana ta?"

Yarinyar ta ce gishiri.

Mma ta ce, "Na sani, ban sa ba. So nake in ji ko kun sani." Ta tuɓe takalmin a bakin ƙofa, ta yi sallama, ta shiga da ƙafarta.